Ɗalibin da aka hana rawa da waƙa a ƙasar Indiya

Mu dai abin da muka sani game da Indiya shi ne rawa da waƙa, saurayi na bin budurwa cikin furanni. Amma wallahi ranar da na karanta yadda ɗalibin addinin Hindu yake rayuwa a da sai da na ajiye waya na yi shiru, don almajirin tsangaya na riƙa gani a idona.

Su sun kasa rayuwar mutum gida 4, na farko shi ne brahmacharya, wato zamanin ɗalibta. Ɗan gidan Brahmin, wato ajin malaman addininsu, yana shekara 8 ake masa bikin upanayana, a rataya masa zare a kafaɗar hagu, a koya masa addu'ar Gayatri, daga nan ya tare gidan malaminsa da suke ce wa guru, ya fita bara ya kawo wa malam abin da ya samo, ya yo itace ya kula da wutar ibada safe da yamma, yana ta haddar Veda, littattafansu masu tsarki, da ka har wajen shekara 12. Ba nama, ba zuma, ba turare, ba takalmi, ba mace, kuma abin dariyar har rawa da waƙa an hana shi.

Inda muka rabu da su, mu saurayin da bai samu halin aure ba azumi aka ce ya yi kafin Allah Ya hore. Su kuwa kame kan shi kansa ibada ne, sun yi imani ƙarfin da namiji bai zubar ba shi ke komawa kaifin ƙwaƙwalwa da ƙarfin jiki. Shi ya sa ƴan kokawar gargajiya a birnin Banaras suke bauta wa Hanuman, ɗaya daga cikin gumakansu, wanda a wurinsu gwauro ne na har abada. Gandhi ma, duk da yana da mata da ƴaƴa, ya ɗauki alwashin wannan kame kai a 1906 a Afirka ta Kudu.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne abin yana da ranar ƙarewa. In ɗalibi ya gama sai ya yi wankan samavartana, ya ba malam tukuici, ya koma gida ya yi aure, ba a barinsa yana gararamba. Ɗaiɗaiku ne ke zaɓar zama haka har mutuwa.

Sai dai ba zan wanke su tas ba fa, domin a al'adance mata da ƴan ajin Shudra, wato na ƙasa masu yi wa sauran hidima, ba sa shiga wannan karatu. Ga kuma wurin ibadar Sabarimala a jihar Kerala, inda maza ke ƙaurace wa iyali kwana 41, ga baƙaƙen kaya ga tafiya ba takalmi, kafin su hau dutse wurin Ayyappa, gunkin da ake bauta wa a can. Saboda shi gwauro ne aka hana mata ƴan shekara 10 zuwa 50 shiga, har sai da kotun ƙolin Indiya ta ɗage haramcin a 2018, aka kuwa yi ta zanga-zanga, cikin masu adawa da hukuncin har da mata da yawa.