Sa hannu a littafi ba shi ne ganin aikin likita ba

Wanda ya kai mara lafiya sashen da ake duba mutum ya koma gida, ko a JUTH, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, ko a Jankwano, wato asibitin koyarwa na Bingham da ke Jos, galibi likitan iyali zai fara gani. Shi ke duba jariri da safe, tsohuwa mai hawan jini da hantsi, mai juna biyu da azahar, kafin ya tashi kuma ya ɗinke wanda ya faɗo daga babur. To wa ya shaida cewa ya iya duk wannan?

Kwalejoji biyu ne ke ba da shaidar ƙwarewa a nan Najeriya: ta ƙasa, NPMCN, da aka kafa a 1979, da ta likitocin Afirka ta Yamma, WACP. Ban da jarrabawa, akwai littafin da mai neman ƙwarewa ke rubuta ayyukan da ya yi, babban likita ya sa hannu. Ciwon littafin nan ɗaya ne, takarda ba ta faɗin ranar da aka rubuta ta. Jarrabawa na matsowa sai a bi malami da littafi, ya sa hannu a kan aikin wata shida baya, alhali ko fuskar mara lafiyan bai tuna ba. Ban kira wannan ha'inci ba. Layi ya yi tsawo, manyan likitoci kuma sai ficewa suke ƙasashen waje.

Shi ya sa nake goyon bayan a mayar da littafin cikin manhajar waya. A Kanada, masu horar da likitocin iyali na rubuta gajeren bayani nan take bayan sun kalli ɗalibi yana aiki: ga abin da ya yi daidai, ga inda zai gyara. Birtaniya ma tun 2007 ta sa abin da aka gani a bakin aiki cikin ma'aunin ƙwarewar likitocin iyali, ana tara shi a kundin intanet. Amfanin a fili yake. Manhaja na riƙe rana da sa'a. Shugaban sashe zai iya gani tun a shekarar farko cewa wane ya duba masu ciwon suga da yawa, amma ba a taɓa kallonsa yana shaida wa iyali mummunan labari ba, ko yana sauraron mai ciwon damuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai ina da sharaɗi. Manhajar da ba ta aiki sai da sabis mai ƙarfi ba tamu ba ce. Dole ta karɓi rubutu ba intanet, ta tura daga baya, don ɗalibin da aka kai asibitin karkara. Kada sunan mara lafiya ya shiga ciki, dokar kare bayanai ta 2023 ma ta shafi bayanan lafiya.

Babban sharaɗin kuwa na malami ne. Idan bai tsaya minti goma ya kalli ɗalibinsa ba, danna waya zai yi kamar yadda yake jan biro, sai dai a samu lambobi masu kyau a allo. Don haka duk asibitin da zai ɗauki manhajar, ya fara da ware wa manyan likitoci lokacin kallo a jadawalin mako, a rage musu marasa lafiya a wannan sa'ar, kuma kwalejojin su nemi ganin jadawalin idan sun zo tantance asibiti.