Wai wasan yara Malama ta yi har ta koma ga Allah

Wanda ya yi wancan sharhin a ƙarƙashin sanarwar rasuwar Malama ya san kansa, kuma da yawanku kun gani kafin ya goge. Ko sadakar uku ba a yi ba, shi abin da ya dame shi wai mace mai ilimi irin nata ta ƙarar da rayuwarta a rauda, makarantar ƙananan yara kafin firamare, tana wasan yara da fenti, da ma a sakandare ta koyar. Sannu shehin malami. Allah ya ƙara basira.

Raini ne kawai. Kuma ba shi kaɗai ba ne, shi dai ya yi wautar rubutawa. Da yawanmu kallon 'yar raino muke yi wa malamar rauda, wadda za ta riƙe mana yara mu samu mu je kasuwa. Kowa ya iya cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawar ita ce ba a gayyata taro, ita ce in ta rasu ake cewa ta yi asarar iliminta.

Ku tambayi duk wanda ya taso a unguwarmu a Wad Madani, a ƙasar Sudan. Yaro ɗan shekara huɗu zai fito daga gida ba ya jin komai sai Hausa, firamare kuma da Larabci za a tarbe shi, ba wanda zai tsaya lallashi. Wa ke shirya shi? Malama. Sai ta miƙa masa takarda ta ce zana mini akuyarku. In ya zana ta yaba, ko da abin ya fi kama da kujera, ta faɗa masa sunan da Larabci, ta rubuta harafin farko a gefe, ta kama hannunsa ya bi. Kafin shekara yaron yana karanta sunansa, bai ma san karatu ake koya masa ba. Shi kansa mai sharhin a ajinta ya fara riƙe fensir, na sani don tabarma ɗaya muka zauna, kuma ya fi kowa kuka. Yau hannun da ta koya wa rubutu shi ya rubuta wasa ta yi.

Fentin kuma da kuke gani kamar baƙon abu, yaushe ya zama baƙo? Wane gida ne a cikinmu ba a taɓa yi wa yaro zayyana a allo ba ranar sauka? Ja da kore da rawaya, a zagaya gari da shi, kowa na sa albarka. Malama kan ce daga nan ta fara son zane. Ita ta fara nuna mana hotunan aikin Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo, wanda ya ɗauki haruffan Larabci da adon allo ya gina zanensa a kai. A 2013 gidan baje kolin Tate Modern a Landan ya ware wa aikinsa nuni na musamman. In Bature ya rataye a bango fasaha ce, in Malama ta koya wa 'ya'yan talakawa wasa ne. Haba!

Na san za a ce ai akwai maganar malamai kan zana abu mai rai. Ku kai wa malamai, ba ita ta tara mu ba. Mutumin bai ce haramun ba, cewa ya yi wasa. Wani kuma zai ce ba da mugun nufi ya faɗa ba. To da wane nufin?

Wallahi abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙarshen rayuwarta. Yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, a Disamba Madani ta faɗa hannun mayaƙa, muka watse, ita ta tsinci kanta a garin Gadarif a makarantar da ta koma masaukin 'yan gudun hijira. Ba albashi, ba aji, ga ciwon ƙafa. Ta tara yara a inuwa, ta nemo kwalaye da gawayi. Yaran suka yi ta zana jirgi da bindiga da gida yana cin wuta, ba ta hana su ba, sai ta zauna ta ce ba ni labarin wannan gidan. Akwai yarinyar da ta daina magana tun a hanya, a nan bakinta ya buɗe. Manyan masu digirin suna ina a lokacin? Suna Facebook suna sharhi.

Allah ya jiƙan Malama, ya sa aljanna ce makomarta, ya ba iyalinta haƙuri.

Tunda na fara kuma, ku masu yaɗa hotonta tana kwance a gadon asibiti, me kuke nema? Wa ya ba ku izini? Matar da ko ɗankwalinta ba ta yarda ya karkace a gaban mutane. 'Yarta ta roƙa a guruf, kun yi kamar ba ku gani ba. Don Allah ku goge, kuma wanda ya ɗauka tun farko ya nemi gafarar 'yan gidan.