Boswajata da Kujerar Kawu

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa a majalisarmu ya zama masanin tattalin arziki. Wani ya koma keke, wani ya jingine jibgegiyar motarsa ya rungumi Adaidaita Sahu. Ni kuwa na ce ƙaramar mota mai araha zan nema. Dillali ya kai ni wani gida a Gwammaja, ya yaye tamfol, sai ga Boswaja, wato Volkswagen Beetle, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a Legas tun 1975. Kaza ta yi ƙwai a kujerar direba. Naira dubu 450 har da la'ada, kazar kuma mai gida ya ce ba ta cikin ciniki.

Bakanikena, wani dattijo da ya ga jiya ya ga yau, ya zagaye ta yana murmushi. "Yallaɓai, ka yi dace. Wannan ba ta da lagireto, iska ke sanyaya injinta. Ko ɗigon ruwa ba za ka saya mata ba." Gaskiya ya faɗa. Ruwa ne kaɗai ban saya mata ba.

Da farko tashi kawai nake so ta yi: filogi, batir, wankin kafireto, belin fanka. Ta tashi, da wannan ƙarar tata ta fat-fat-fat daga baya, yaran layi suka biyo mu da ihu. Da a nan na tsaya da an zauna lafiya. Sai wani matashi ya tare ni a Zoo Road, ya ɗauki hotonta, ya jefa ni cikin wani zauren WhatsApp na masoya tsofaffin motoci. Mutanen nan ba sa barci. Ƙarfe biyun dare wani zai turo hoton madubin gefe, a kwana ana gardamar na asali ne ko na kanti. Suka duba tawa suka ce fitilun baya ba nata ba ne, bambar gaba kuma abin kunya ce ga zuriyar Boswaja baki ɗaya.

Haka na zama ɗan gida a Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota ta Kano. Duk shagon da na shiga na ambaci sunan motar, yaran sai su kalli juna, a tura a taso wani tsoho daga barci. Shi zai shige can ƙuryar rumfa, ya fito da ƙarfe ɗaya mai tsatsa, ya hure ƙura, ya faɗi kuɗin da sai na nemi benci. In na yi ƙorafi ya ce, "Alhaji, je ka nemo irinsa a duk Kano, in ka samu ni zan saya." Ba ya ko ɗaga murya, ya san gobe zan dawo.

Mai gyaran jiki ya kankare ta, ya gano rabin ƙofar hagu ba ƙarfe ba ne, cike ne kawai. Fenti ruwan madara shi kaɗai ya haura kuɗin motar. Aka zo tayoyi masu farin gefe, aka zo kushin ja. Uwargida ta ware shafi a bayan littafin adashenta, duk abin da na kashe ta rubuta, ba ta cewa uffan. Shirun nan ya fi faɗa ciwo.

Ranar da ta fito fes, aka yi ɗaurin aure a Fagge, na ce ni zan ɗauki Kawu. Kawu mutum ne mai jiki, ga babbar riga ta sha sitaci. Ya ce shi babba a baya yake zama, ƙanena ya zauna gaba. Boswaja dai batirinta a ƙarƙashin kujerar baya yake, mai kushin kuma ya yar da murfinsa don a ganinsa tarkace ne. Muna saukowa daga gadar Ƙofar Nassarawa muka faɗa wani ɗan rami, ƙarafan kujera suka sauka a kan batir.

"Ɗan nan," in ji Kawu, "wa ke gasa masara a nan?"

Kafin in amsa ya saki salati. Hayaƙi na fitowa ta ƙarƙashin babbar riga, mota kuma ƙofa biyu gare ta: sai na gaba ya fita, an kwantar da kujera, sannan na baya ya samu hanya. Ƙanena ya rikice ya kasa gano marikin. Masu sayar da ruwan leda ne suka kawo ɗauki, suka yi wa Kawu da sabon kushin ɗina wanka tare. Ya fito hula a hannu, ya tsayar da Adaidaita, bai ko kalle ni ba ya ce, "Biya shi." Har yau in mun gaisa sai ya tambaye ni lafiyar murhuna.

Da daddare uwargida ta turo min littafin. Jimillar ta isa sayen Corolla 'yar Kwatano mai sanyi. Washegari dillalin nan ya zo da mai saye, ya taya dubu 500, wai don darajar fentin. Ina cikin yi masa rakiya da ido waya ta yi ƙara, bakanike ne.

"Yallaɓai, an samu sitiyarin asali a Kaduna, fari, har da tambarinsa. Amma wani ɗan Abuja na zawarcinsa."

Na ce ya riƙe min shi zuwa la'asar. Uwargida ta jawo littafinta, ta buɗe sabon shafi.