Yadda takalmana suka shiga baje koli

Ɗiyar yayata ce ta ja ni, wadda ke karatun zane, kun dai san nacinta. Wai an kawo fasahar zamani, irin wadda ba a rataye ta a bango, shiga cikinta ake yi. Kabu-kabu ya sauke mu rana tsaka.

A bakin zauren na tarar da takalma jere reras, silifa da tsofaffin fade. To ɗan Sakkwato ya ga takalma a ƙofa, me zai yi? Na tuɓe sau-cikina na fatar jar akuya, ɗinkin Sallah, na gyara musu wuri na shige.

Ciki duhu, an rataye tuluna da igiya, rediyo na fitar da ƙarar ruwa. Yarinya sai zuba take: wai El Anatsui, ɗan Ghana da ya koyar a Nsukka, da marafan kwalba da siririyar wayar ƙarfe yake yin abin da duniya ke layin kallo. Wai a 2024 an sayar da ayaba guda manne a bango kan dala miliyan 6.2. Na ce mu je gida.

Na duƙa ke nan zan ɗauki takalmana, mai gadi ya daka tsawa.

"Alhaji, aje! Ba a taɓawa!"

"In aje mi? Nawa na!"

"Kowa haka shika cewa."

Ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a sama, simintin kuma ya sha rana. Ina tsalle, yana riƙe da ɗaya takalmin, 'yan makaranta sun kewaye mu. Na ce ya duba, ƙafata ta shiga daidai. Ya ce shi ma tasa za ta shiga. Kuma ya gwada! A gabana!

Aka kira mai aikin, wani saurayi siriri. Ashe silifan nan a bakin gulbin Rima ya tsinto su ɗaya-ɗaya, don tuna ambaliyar 2010, shekarar da ruwa ya yanke hanyar jami'a. Ya ja da baya, ya ƙura wa nawa ido, ya ce, "Baba, wallahi ka cika aikin. Takalmin mai hali cikin na talakawa. A bar su har a rufe." Mai hali! Ni da har yanzu baduku ke bi na ciko.

Duk wannan bai ƙona min rai ba irin wani mai sayar da albasa da nake bi bashi. Tun damina yake ce min yana Illela duk sa'ad da na buga waya kan kuɗina. Ga shi tsaye cikin shadda sabuwa dal, ya ɗaga waya yana ɗaukata, yana dariya har da riƙe ciki. Me ya kai shi kallon fasaha? Mutumin da ko allon shagonsa a karkace yake. Har da ba da shawara, wai a rubuta sunana a ƙasa.

Daga ƙarshe yarinyar ce ta shaida nawa ne, bayan ta gama tata dariyar. Mai gadin bai ba da haƙuri ba, cewa ya yi in daina sa takalmi mai kama da na mutane. Shi ko na albasa, na buga masa da dare, ya ce yana Illela.