Wa ke neman aikin gwamnati, kuma don me?

A wurin intabiyu, duk wanda aka tambaya me ya sa yake neman aikin gwamnati, amsa ɗaya ce: yana so ya bauta wa ƙasa. Masu tambayar sun san ba kowa ne ke faɗin gaskiya ba, shi ma ya san sun sani. Da za a bar mutum ya amayar da abin da ke cikinsa, da an ji batun albashin da ba ya yankewa, da fansho, da aikin da ba a korar mutum dare ɗaya, da girman da kujera ke jawowa. A China, sama da mutum miliyan 3 ne suka cancanci zama jarrabawar ɗaukar ma'aikata ta 2024, alhali kujerun ba su kai 40,000 ba. Kishin ƙasa kaɗai ba zai tara wannan taro ba.

Ni dai ban ga aibun mai neman abin rufin asiri ba. Akwai kuma masu kishin da gaske: malamin da ke tsayawa bayan an tashi don yaro ɗaya da bai gane darasi ba, da akawun da zai miƙe da kansa ya tono fayil ɗin wata tsohuwa a ƙasan tarin takardu, ya karkaɗe ƙurarsa, ba tare da ya jira "na gode" ba. Sau da yawa ma mutum ɗaya ne ke ɗauke da niyyoyin biyu.

Wani gwaji da aka yi a Zambiya ya nuna haka. Da gwamnati za ta ɗauki ma'aikatan lafiya na karkara a 2010, an manna sanarwa iri biyu a gundumomi daban-daban. Ɗaya ta ce zo ka taimaki al'ummarka, ɗaya ta ce zo ka samu hanyar ƙarin girma. Waɗanda suka shigo ta sanarwa ta biyu, da za a iya yi wa kallon masu son kai, su ne suka fi ziyartar gidaje da kusan kashi 29 cikin 100. Buri bai kashe musu tausayi ba.

Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne wanda ko albashin bai dame shi ba, domin idonsa na kan abin da ke shigowa ta bayan fage. Wasu masu bincike biyu, Rema Hanna da Shing-Yi Wang, sun ba ɗaliban jami'a a Bangalore ta Indiya dayis irin na ludo. Kowa ya jefa sau 42 ba mai kallonsa, ya rubuta abin da ya fito, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon kuɗin da zai karɓa. Waɗanda lissafi ya nuna sun yi coge su ne suka fi sha'awar aikin gwamnati. Da wasu masana suka yi makamancin gwajin a Denmark, sai aka ga akasin haka: masu gaskiyar ne suka fi son aikin.

Kar a ce ai halin mutanen ne ya bambanta, don a ƙasashen biyu an samu masu coge. Bambancin yana ga sunan da ofis ya yi. Inda aka san kujera da cin hanci, mai son cin ne zai fara zuwa layi, kamar yadda ƙuda ke bin ɗoyi. Mai kishin da ya kutsa ya shiga kuwa, idan ya shekara biyar yana ganin ana ɗaga mai uwa a gindin murhu a bar shi, ko dai ya ajiye aikin ko ya bi sahu.

Shi ya sa nake ganin taron bita kan ɗa'a ɓata lokaci ne matuƙar ba a gyara yadda ake ɗauka da yadda ake ƙarin girma ba. Amurka ma sai da aka yi rashi ta farga. A 1881 Charles Guiteau, wanda ya nemi muƙami bai samu ba, ya harbe Shugaba James Garfield. A 1883 aka kafa dokar Pendleton, wadda ta wajabta jarrabawa kafin ɗaukar ma'aikaci. Da farko kusan kashi 10 cikin 100 na kujerun tarayya kawai ta shafa, sauran sai da shugabannin baya suka riƙa shigar da su kaɗan-kaɗan.