Ba kowane wasan dandali ne yake jure kyamara ba

Tun da aka fitar da kashi na biyu na fim ɗin Wicked a watan Nuwamban 2025, wata magana take yawo a bakin masu sha'awar wasan kwaikwayo a nan Zariya, har da wasu ɗalibai a Samaru, wai duk wasan waƙa da rawa da ya yi suna a dandali, cikar darajarsa ita ce a mayar da shi fim. Hujjarsu ba ta wuce kuɗin da fim ɗin ya tara ba, kamar dai yawan ciniki ne yake nuna daɗin tuwo.

Shi wasan dandalin Wicked, da aka fara nunawa a 2003 a Broadway, unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo ta birnin New York, ana kammala shi cikin ƙasa da awa uku, har da hutun tsakiya. Masu fim suka ɗauki rabinsa na farko kawai, suka ja shi tsawon awa biyu da minti arba'in, sannan suka sa 'yan kallo jiran shekara guda kafin su ga ƙarashen. Wannan dabarar kasuwa ce, kuma bai kamata ɗalibin wasan kwaikwayo ya ɗauke ta a matsayin ci gaban fasaha ba.

Duk wanda ya taɓa zama a Drama Village na Jami'ar Ahmadu Bello, wancan ginin ƙasa da aka yi shi da siffar gidan Bahaushe, ya san inda gizo yake saƙar. Idan ɗan wasa ya katse magana ya ɓarke da waƙa, ba wanda yake mamaki, domin ana jin numfashinsa, ana ganin guminsa, kuma kowa ya san muryarsa tana iya sarƙewa a gaban jama'a. Wannan fargabar da 'yan kallo suke tarayya da shi a cikinta ita ce rabin daɗin. Kyamara kuwa tana matsowa har ƙwayar ido, tana nuna titi da ɗaki tamkar na gaske, saboda haka da zarar waƙa ta shigo sai ta zama baƙuwa a gidan da ba a shirya mata ba. Haka tashen yara yake komawa a bidiyon waya: ga kiɗan, ga shigar, amma babu matan gidan da suke amsawa da dariya.

Wasan waƙa da rawa mai suna Cats, wanda 'yan wasansa suke fitowa a matsayin kyanwoyi, ya shekara 21 ana yin sa a Landan, amma da aka mayar da shi fim a 2019, aka liƙa wa 'yan wasa gashin kyanwa da kwamfuta, sai ya zama abin ba'a. Masu kawo misalin fim ɗin Chicago, wanda shi ma daga wasan dandali aka ɗauko shi kuma ya ci kyautar Oscar ta fina-finai, sun manta cewa ya tsira ne domin an mayar da yawancin waƙoƙinsa cikin tunanin jarumar, wato an sake gina mata dandali a cikin kanta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mu ne ya kamata mu fi kowa sanin wannan ciwo. Shekara da shekaru muna kallon jarumin Kannywood yana motsa baki a kan muryar da wani ya rera a sutudiyo, labari ya tsaya cik har a gama juyi a cikin lambu.

Wanda yake son adana wasan dandali ya ɗauke shi a kan dandalinsa tare da 'yan kallonsa, kamar yadda aka yi wa wasan waƙa da rawa na Hamilton da aka saki a 2020. Mai son fim kuma ya zauna ya rubuta fim tun daga tushe, ya ƙyale wasannin da ɗalibai suke yi a Samaru.