Ƙannena ɗalibai masu zuwa taimakon yara marasa matsuguni, dan Allah ku tsaya ku ji

Assalamu alaikum. Maganar nan da ku nake yi ƙannena ɗalibai, na jami'ar tarayya ta Dutse da na Sule Lamido a Kafin Hausa da 'yan kwalejin ilimi ta Gumel da na poli ta Haɗeja, har da 'yan jami'ar Wudil masu dawowa gida hutu. Na ga yanzu kusan kowace ƙungiyar ɗalibai ta gari tana haɗa kuɗi ta je tsangaya ko gidan marayu ko inda aka tsugunar da waɗanda ruwa ya cinye wa gidaje, wallahi abun yana min daɗi, Allah ya saka muku da alheri ya sa a mizani. Amma akwai gyara, kuma ni na fara yin kuskuren kafin ku shi yasa nake da bakin magana.

A 2022 lokacin yajin aikin malaman jami'a, wanda aka shafe wata takwas tun daga Fabrairu har Oktoba, duk muna gida ba aikin fari balle na baƙi, sai ga ambaliyar nan da ta yi ɓarna a Auyo da Kafin Hausa da Ringim da Miga da yankin Haɗeja. A wajenmu firamare aka buɗe wa mutane, aji ɗaya zaka ga gida huɗu ko biyar an raba da zani da buhu, a can ƙarshen barandar kuma wasu almajirai ne da ɗakin kwanansu ya rufta, su ba su da uwa a wurin ba su da uba, malaminsu ma nasa gidan ya faɗi. Muka yi karo-karo muka sayi taliya da sabulu da omo, muka buga bana mai sunan ƙungiya, muka je muka jera yara aka ɗauki hoto aka raba kaya. Akwai wani ɗan kolo da bai wuce shekara tara ba, ƙafarsa duk faso ga ruwa ya ci masa tsakanin yatsu, ya riƙe min gefen riga ya ƙi saki, sai na dafa kansa nace kar ka damu sati mai zuwa zan kawo maka silifas. Har ga Allah lokacin da na faɗa da gaske nake. Sai aka janye yajin aiki, muka tattara muka koma makaranta, lakca da jarrabawa suka rufe ni na manta da shi kwata-kwata.

Sai cikin hunturu ranar kasuwa ina ciniki naji an ce yaya, yaya. Ina juyowa na ganshi da robar bararsa a hammata, leɓe ya tsage ƙafa ta yi fari fat, ko kuɗi bai roƙe ni ba, abun da ya ce kawai shine, yaya kun zo da takalmin? Wata uku yaron nan yana riƙe da maganata. Na saya masa a take amma har yau idan na tuna yadda ya yi tambayar jikina sanyi yake.

To ƙannena abun da nake so ku gane kenan, yaron da yake kwana a zaure ko kango ko tasha, an riga an yi masa alkawari da yawa ba a cika ba, tun daga ranar da aka sauke shi aka ce masa za a dawo duba shi bayan sallah. Kai da ka zo yini ɗaya ka yi wasa da shi ka ɗaga shi sama ka ce kai ne yayansa sannan ka ɓace, ka ƙara masa ɗaya ne akan waɗanda yake da su. Dan haka kar ka furta abun da baka da tabbas, in zaka kawo kawai ka kawo ya gani a hannunka. Kuma gara ku zama ku biyar masu zuwa duk Alhamis har ƙarshen zango da ku cika bas biyu ku je sau ɗaya a shekara. Alhamis nace saboda ranar ba karatun allo, yara suna da sarari suna wanki suna aski, ba za ku shiga lokacin malam ba. Annabi (SAW) ya gaya mana aikin da Allah ya fi so shine wanda aka dawwama akansa ko da kaɗan ne, kuma duk mun haddace wannan tun a islamiyya, a aikace ne muke barinsa.

Sai maganar hoto, nan ne gaskiya raina yake ɓaci. Ka kama yaro da yagaggiyar riga da makero a ka, ka miƙa masa ledar taliya ka ce ya riƙe ya kalli waya, kafin magariba fuskarsa ta zaga Facebook da WhatsApp da TikTok, ka tambaye shi? ka tambayi malaminsa? Uwarsa tana can wani ƙauye, in wani ɗan garinsu ya nuna mata a waya yaya zata ji? Kuma yaron nan fa girma zai yi, wata rana zai nemi aure zai yi sana'a ƙila ma ya ja jam'i, hoton kuma yana nan baya gogewa. Ka ɗauka ƙaninka ne uwa ɗaya uba ɗaya sannan ka sake duba hoton. Na san hujjar da ake kawowa, wai waɗanda suka bada kuɗi suna son shaida, to ku ɗauki kayan da rasit ku tura musu, ku ɗauki kanku kuna aiki, a bar fuskar yara. Allah ya hane mu ɓata sadaka da gori da cutarwa a cikin Baƙara, ni dai ina tsoron wannan tallan fuskar ya shiga ciki.

Kuma ku shiga ta ƙofa. Ku fara gaida mai unguwa ko dagaci, ku je wurin alaramma ku durƙusa ku gaishe shi ku ce Allah gafarta malam ga abun da ya kawo mu, me yaran suka fi buƙata? Sau da yawa amsarsa zata baku mamaki, ku kun zo da biskit shi kuma tabarma da bargo da gyaran masai ne damuwarsa. Kar ka je da turancinka kana yiwa dattijo lakca akan haƙƙin yara a gaban gardawansa, ranar zaka fita kuma an rufe muku ƙofar kenan, yaran ne suka yi asara. Ni ma ina da abun faɗa akan uban da zai turo ɗan shekara shida ba guzuri ba waiwaye, kuma ina faɗa a inda ya dace, amma ba a kan yaron zan huce ba. Gwamnatin Kano ta hana bara a titi a 2020, a 2023 kuma an kafa hukumar almajirai da yaran da basa zuwa makaranta ta ƙasa, duk mun ji, amma daren yau ɗin nan akwai yaron da zai kwanta akan kwali a bayan gidanku.

Kowa ya bada abun da yake karanta. Ku 'yan kiwon lafiya na Jahun da 'yan koyon aikin jinya na Birnin Kudu kun fi kowa sanin ƙazwa, ba a maganinta akan yaro ɗaya, in ka shafa wa ɗaya ka bar sauran da yake kwana da su sati biyu ta dawo, dole a yi wa ɗakin gaba ɗaya rana ɗaya, a wanke kaya da ruwan zafi a shanya tabarmi da barguna a rana. Amma dan Allah kar ku mai da kanku likitoci kuna raba ƙwayoyi, in yaro jikinsa da zafi ko ciwo ya yi ruwa ku kama hannunsa ku kai shi asibitin sha-ka-tafi ku tsaya har a duba shi. Masu karatun koyarwa kuma in malam ya yarda ku ɗauki awa ɗaya ku koya musu abacada da lissafi, yaron da yake biya allonsa ya wanke ya sake rubutawa zaka sha mamakin saurin kamawarsa. 'Yan uwa mata ɗalibai ku kuma akwai 'yan matan da ke irin wuraren da ruwa ya kora, akwai buƙatun da ba zasu taɓa gaya wa namiji ba, audugar mata da sabulu da wurin wanka mai sutura, wannan sai ku. Kuma namiji ko mace kar wanda ya keɓe da yaro shi kaɗai a ɗaki, a zauna a fili inda kowa ke gani, kariya ce gare shi da kai.

In kuma aljihunka ba ko sisi kar ka ce baka da abun yi. Ka zauna akan tabarmar da yake zaune, ka tambayi sunansa na yanka ka riƙe, ka daina ce masa kai almajiri. Ka ce ya ja maka baƙi ka saurara, wani ɗan ƙaramin izu ashirin ne a kansa kai kuma ƙila Sabbi ma sai ka duba. Yawancinsu sun haddace lambar wani a garinsu ko tana rubuce a takarda cikin jakar allo. Alhamis ɗin da ta wuce na ba yaron nan na silifas wayata, ya ƙara tsawo yanzu, ya karanto lambar kawunsa muka kira aka kai wa innarsa, ya koma gindin darbejiya ya juya mana baya yana ta cewa na'am inna, lafiya lau inna, har katin ya ƙare. Da ya dawo min da wayar sai da ya goge fuskarta da gefen rigarsa, sauran kuma tuni sun yi layi kowa da 'yar takardarsa a hannu, ɗalibi ɗaya ne kawai tare da ni ranar, wayoyi biyu yara sun fi talatin.